Takardar da Malamai Ashirin da Biyu Suka Sa wa Hannu

Kwamitin ladabtarwa na wata ƙaramar sakandaren je-ka-ka-dawo da ke Kankiya ya janye dakatarwar mako biyu da ya yi wa wani ɗalibin aji biyu, Sharafaddeen Bishir, bayan malaman makarantar su ashirin da biyu, har da shugabansu, sun sa hannu a wata takarda da ke cewa ba sa karanta abin da suke sa wa hannu. Ita ma wannan takardar ba su karanta ta ba.

An yanke hukuncin ne ranar Litinin da ƙarfe sha biyu da kwata a ofishin malamai, kwana biyar bayan faruwar abin. Wadda ta rubuta takardar ita ce Malama Haulatu, mai koyar da ilmin zamantakewa, wadda ke zuwa aiki kullum daga Kusada. Shekararta uku a makarantar. Ita ce kuma malamar ba ɗalibai shawara, muƙamin da ta samu saboda ran da aka raba ayyuka motar da ta shigo ta yi faci a hanya.

Ba ta ɗauki muƙamin da wasa ba. A farkon zangon nan ta rataya wani kwali a ƙofar aji biyu, ta ce duk wanda aka cuta ya rubuta ya jefa, ba sai ya sa suna ba. A mako guda ta kwashe takarda arba'in da ɗaya. Manyan yara na karɓe kuɗin tara a bayan famfo. Akwai yaron da ya yi wata biyu yana ɗaukar jakar wani daga bakin titi zuwa aji. Akwai yarinyar da ta daina zuwa da abinci don ba ita ke ci ba. Takarda tara a kan monitoci ne, waɗanda aka naɗa don su hana.

Abin da ta koya wa yaran gajere ne. Idan ka ga ana cin zalin wani, kada ka kai duka, kada ka ruga, kada kuma ka duƙa kamar kana gyara takalmi. Ka je ka tsaya kusa da wanda ake cuta, ka yafito na kusa da kai, ku kira sunan mai cin zalin da ƙarfi, ku ce masa, "Mun gan ka." A ganinta mai cin zali kamar ɓera yake, ido ne ba ya so.

Yaran sun haddace a rana ɗaya. Matsalar ita ce suna rera shi da irin muryar da suke rera biyu sau biyu huɗu, wasu na hamma. Sai ta yanke shawarar a gwada su a fili, lokacin tara, ba tare da sun san gwaji ba ne. Mutum biyu kawai za su sani, wanda zai ƙwace da wadda za a ƙwace wa.

Wadda za a ƙwace wa ba ta ba da wuya ba. Adawiyya ce, mafi ƙanƙanta a ajin, wadda ke iya zubo hawaye kafin a gama gaya mata dalili. Mai ƙwacen ne aiki. Malama Haulatu ta zaɓi Sharafaddeen don ya fi kowa tsawo, shekararsa sha shida, kuma tun da ya zo ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. Ɗan makiyaya ne daga wata ruga a yankin Sukuntuni, ya shiga boko a makare, ƙananan yara na kiransa Baban Aji yana murmushi. Mahaifinsa, Malam Bishir, da ƙyar ya bar shi ya zarce sakandare, kuma ya faɗa a gaban malamai ran da ya kawo shi cewa duk ran da aka aiko masa da ƙarar yaron, ko sau ɗaya ne, ga sanda can ga shanu.

Sau uku yaron yana ƙi. A na huɗu ta ce masa taimakon ƙanana ne, kuma duk malamai za su san wasa ne. Ta ba shi tabbacin haka da bakinta. Mako guda suka yi suna gwaji a bayan ɗakin karatu, domin duk lokacin da ya miƙa hannu sai ya ce, "Yi haƙuri, kawo awararki."

"Mai cin zali ba ya ba da haƙuri, Sharafaddeen. Ɗaure fuska."

"Na ɗaure, Malama."

"Wannan fuskar mai ciwon haƙori ce. Sake."

Ranar Talata ta rubuta sanarwa ga malamai, layi shida. Gobe Laraba lokacin tara, a gindin dalbejiyar da ke gaban aji biyu, Sharafaddeen zai ƙwace wa Adawiyya abinci. Shiri ne. Ana roƙon kowane malami ya tsaya daga nesa, kada ya sa baki.

A makarantar, sanarwa tana tafiya ne a cikin wani koren fayil da masinja, Baba Musa, ke rungume da shi tun zamanin shugabanni huɗu da suka wuce. Akwai biro ɗaure da zare a jikinsa. Baba Musa kan fara da shugaba, sai mataimaki, sai sauran bisa girman muƙami da daɗewa a aiki, kuma ko kusa ba ya yarda ƙarami ya riga babba. Yakan buɗe fayil ɗin, ya ɗora babban yatsa daidai inda za a sa hannu, ya ce, "Nan." Na ƙasa kan ga na sama ya sa, ya ce ai ya karanta. Na sama kuma ya san in da matsala na ƙasa za su yi ƙorafi. A haka aka zauna lafiya shekara da shekaru.

Kafin a tashi, fayil ya dawo da hannu ashirin da biyu. Don ƙarin tabbaci ta ɗauki hoton takardar ta tura a zauren malamai na waya. Ta samu "Amin" goma sha ɗaya da "Allah ya jiƙan musulmi" uku. Ta ga wannan ɗin, sai ta ce a ranta ƙila amsar wani saƙon ne da ke sama.

Ranar Laraba, saura minti ashirin a fita tara, shugaban makarantar, Malam Sodangi, ya aiko kiranta. Wata ɗaliba ce ta yanke jiki ta faɗi a aji ɗaya, ana buƙatar malama mace ta raka ta asibiti.

"Yallaɓai, yau ne fa abin nan namu."

"Na sani."

"Na gindin dalbejiya."

"Malama Haulatu, ba ni na fara sa hannu ba? Je ki, ina nan."

Ta tafi da kwanciyar hankali.

Abin da ya biyo baya ta tattara shi ne daga bakin mutum bakwai, kuma sun yi daidai a kan muhimman wurare. Da ƙarfe goma da minti biyar Sharafaddeen ya tare Adawiyya, ya ɗaure fuska yadda bai taɓa yi a gwaji ba, ya fizge ledar awarar. Adawiyya ta ƙwala ihun da mai shayin bakin titi ya ce ya ji. Yara suka yi cirko-cirko. Sai wata yarinya ta taka ta tsaya kusa da ita, wani yaro ya biyo, kafin a ƙirga ashirin yara kusan sittin sun kewaye su, suna faɗa da murya ɗaya, ba rerawa, ba hamma, "Sharafaddeen, mun gan ka!" Yaron ya sunkuyar da kai ya miƙa ledar, kamar yadda aka tsara. Darasin ya ci.

Daidai nan Malam Basiru, malamin ladabtarwa, ya ɓullo daga ofishin malamai da tsumagiya a hannu da rabin ƙosai a baki. Hannunsa ne na huɗu a takardar jiya. Ya ratsa yaran, ya damƙi wuyan rigar Sharafaddeen, abin da sai da ya yi ɗage kafin ya iya.

"Ƙaton banza! Yarinya kamar wannan? A makarantar da nake?"

"Malam, wasa ne!" in ji Adawiyya. "Malama ce ta sa mu!"

Da ta faɗa da busassun idanu, wataƙila da an saurare ta. Amma hawayen da ta kunna ba su san an gama ba.

"Kun gani? Har ya tsorata ta tana kare shi. Wuce mu je!"

Ya fara jan yaron. Adawiyya ta share majina, ta bi su, ta tsaya kusa da Sharafaddeen, ta yafito na kusa da ita. Ta yi komai yadda aka koya mata, har da kiran suna.

"Malam Basiru, mun gan ka!"

Yara sittin suka amsa. Sau uku suka faɗa, a na ukun 'yan aji ɗaya da ba su san kan zancen ba suka shiga don daɗin abin. Malam Sodangi ya leƙo ta taga, ya ga malamin ladabtarwa a tsakiyar taro ana kiran sunansa, ya rufe tagar ya sa sakata.

Da Malama Haulatu ta dawo wajen sha biyu, kwamiti ya riga ya zauna ya tashi. Ta tarar da Sharafaddeen a bakin ƙofar makaranta da jakarsa da farar ambulan.

"Malama, na yi daidai? Kin ce in ɗaure fuska."

"Ka yi daidai. Mece ce wannan?"

"Sun ce in kai wa Baffa."

Ta karanta a tsaye. Cin zalin ɗaliba, ƙwace abinci, tunzura ɗalibai su yi wa malami bore. Mako biyu. Ta ce ya riƙe takardar kada ya ba kowa sai ta neme shi. Ya ce to. Amma ta san irin yaron da ta zaɓa. Wanda ba ya iya fizgar leda sai ya ba da haƙuri, ba zai kwana da saƙon mahaifinsa a jaka ba.

Ta ɗauko koren fayil ta shiga ofishin shugaba. Malam Basiru na ciki yana shan ruwan leda.

"Yallaɓai, ga sanarwar. Ga hannunka, ga na Malam Basiru."

Malam Sodangi ya sa tabarau, ya karanta layi shidan a hankali, leɓensa na motsi. Ta lura ya kai ƙarshe ya koma farko.

"I, wannan. Ai mun san da ita."

"To me ya sa aka dakatar da shi?"

"Na karanta ta sarai," in ji Malam Basiru, wanda ke leƙen takardar ta kafaɗar shugaba. "Amma abin da na gani da idona ya wuce wasa. Yaron ya fake da shirin ne ya yi na gaske. Kin ga hawayen yarinyar nan kuwa?"

"Mako guda ina ganinsu, Malam. Kullum sau huɗu."

"Boren fa? Shi ma yana cikin layi shidan? Shekarata sha tara ina aikin nan, ba a taɓa kiran sunana gatsal a fili ba. 'Mun gan ka.' Sun gan ni ina me? Sata?"

Malam Sodangi ya cire tabarau. Ya ce kwamiti ya riga ya zauna, an rubuta, an buga hatimi, kuma in aka fara warware hukunci saboda wata malama ta ce, gobe ba mai jin tsoron kwamiti. Mako biyu ai kamar yau ne. Ta tuna masa abin da mahaifin yaron ya faɗa. Ya ce iyaye duk haka suke faɗa. Ya ƙara da cewa taron malamai na ranar Litinin zai duba ko shirin nata ya dace da tarbiyyar makarantar.

Ranar Alhamis ta bi malamai ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya karanta. Wani ma cewa ya yi sau biyu ya karanta, sai dai lokacin yana aji. Malamar lissafi ta ce ta karanta, amma ta ɗauka Larabar sama ake nufi. Ba wanda ya yi mata gardama a kan cewa yaron bai da laifi, kuma ba wanda ya yarda ya faɗi haka a gaban shugaba. Da yamma ta kira lambar Malam Bishir. Ƙanensa ne ya ɗauka, ya ce takarda ta iso, kuma Sharafaddeen ya fita da shanu tun safe.

Mutum ɗaya ne ya gaya mata gaskiya, shi ma ba da niyya ba. Malam Ɗanmaliki, malamin aikin gona, saura wata bakwai ya yi ritaya. Ta same shi Juma'a da safe a lambun makaranta yana duba yakuwa.

"Malam, don Allah, ka karanta sanarwar ranar Talata?"

"'Yata, wace Talata? Ni tun da tabarauna ya faɗa rijiyar lambun nan ban sake karanta komai a fayil ɗin Musa ba. Inda ya ɗora yatsa nan nake sawa. Bara waccan ma sai da aka kira ni ofishin ilimi na shiyya, wai na sa hannu a jerin masu neman hutun haihuwa."

"Aka yi yaya?"

"Na ce in za su ba ni ina so."

Ta yi dariya, ta farko tun Laraba. Ba ta gama dariyar ba ta juya ta nufi ofis.

Takardar da ta rubuta layi biyar ce. A samanta ta rubuta da manyan baƙaƙe, ta ja layi biyu a ƙasa: DON ALLAH A KARANTA KAFIN A SA HANNU. Ta yi haka ne don kada gobe a ce ta yi wa kowa wayo, kuma don a ranta tana so a samu ko mutum ɗaya da zai kama ta.

Baba Musa ba ya karatun boko, ajami yake yi. Shi ya sa duk takardar da aka ba shi sai ya tambayi abin da ke ciki, don kada ya ɗauki abin da bai sani ba. A duk makarantar shi kaɗai ne ya san abin da kowace sanarwa ta ƙunsa. Ta karanta masa.

"Malama, wannan ai wuta ce kika ba ni a fayil."

"Baba, in ba ka so, sai in kai da kaina."

"A'a. In kika kai da kanki za su karanta, don ba su saba ba." Ya gyara zaren biron. "Ran Laraba ina bayan ofis ina alwala. Da na fito an gama. Na je na gaya wa shugaba abin nan yana cikin takarda, ya ce in je in buga ƙararrawa. Kawo. Allah dai ya sa ba yau za su fara karatu ba."

Ba su fara ba. Malam Sodangi ya sa hannu yana waya. Mataimakinsa ya sa yana neman makullin kabad. Malam Basiru ya sa a kan tankin babur ɗinsa, har ya yi wa Baba Musa faɗa cewa biron ba ya kamawa sosai. Minti arba'in fayil ya dawo da ashirin da biyu cif.

Ta yi Asabar da Lahadi da takardar a jaka. Sau biyu ta ciro ta don ta yaga.

Taron Litinin ya fara da addu'a, sai batun makara, sai batun wanda ke barin kofin shayi a kan rajista. Da aka zo kan shirinta, Malam Basiru ya yi minti goma yana magana. Ya ce yau sunansa aka kira, gobe na shugaba ne, jibi kuma sai yara sun tsaya a ƙofar gida suna ce wa iyayensu mun gan ku. Aka yi ta gyaɗa kai.

Malama Haulatu ta miƙe.

"Yallaɓai, kafin a yanke, ina so in karanta sanarwar ranar Juma'a."

"Wadda muka sa wa hannu? Ai kowa ya gani, Malama. Kada mu ɓata lokaci."

"Layi biyar ce."

Ta karanta. Mu da muka sa hannu a ƙasa muna shaida cewa ba mu karanta sanarwar ranar Talata ba. Muna shaida cewa abin da Sharafaddeen Bishir ya yi shiri ne da makaranta ta amince da shi. Muna roƙon a janye dakatarwarsa. Muna kuma shaida cewa wannan takardar ma ba mu karanta ta ba. Duk wanda ya karanta, kada ya sa hannu. Sannan ta karanto sunayen, daga na ɗaya zuwa na ashirin da biyu, bisa girman muƙami.

Malamar lissafi ce ta fara dariya, ta kifa kai a tebur kafaɗunta na girgiza.

"Wannan yaudara ce!" in ji Malam Basiru. "Ni na karanta!"

"To ka yarda da abin da ke ciki ke nan, Malam."

"Ban karanta ba!"

"Shi ne abin da ke ciki."

"Yallaɓai, ka ji irin rashin kunyar da take koya wa yara!"

Hayaniya ta kaure. Wasu na cewa a ba ta takardar gargaɗi, wasu na neman a miƙo musu fayil ɗin su ga ko hannunsu ne da gaske. Tana tsaye ita kaɗai a gaban allo. Sai Malam Ɗanmaliki ya tashi da ƙyar, ya zagayo tebur, ya zo ya tsaya kusa da ita yana kakkaɓe ƙasar lambu daga rigarsa.

"Ni dai ban karanta ba," in ji shi. "Ta Talata, ta Juma'a, da duk na shekara huɗu da suka wuce. Wanda ya karanta a cikinku ya gaya mini abin da na amince da shi, don in sani kafin in yi ritaya."

Malamar lissafi ta share ido ta taso. Malamin Larabci ya biyo ta. Da suka kai bakwai, Malam Sodangi ya ƙwanƙwasa tebur da makulli. Mutum ne da ya daɗe a aiki, ya san takarda mai hannu ashirin da biyu ba ta zama a fayil ɗaya, kuma ofishin shiyya ba nisa.

Ya sa sakataren taro ya rubuta cewa kwamitin ladabtarwa, bayan zurfafa bincike, ya gano sababbin hujjoji, don haka ya janye hukuncin. Shirin Malama Haulatu zai ci gaba. Malam Basiru ya nemi a rubuta cewa "mun gan ka" ba ta hau kan malami ba. Malam Ɗanmaliki ya tambaya, to in malamin ne aka gani fa? Aka ɗage wannan zuwa taro na gaba. Daga ƙarshe shugaba ya ba da umarnin a fitar da sabuwar sanarwa cewa wajibi ne kowa ya riƙa karanta sanarwa. Ya kuma nemi asalin takardar Juma'a don adanawa. Ta ba shi. Tana da hotonta a waya.

Ranar Talata bayan an tashi ta hau acaɓa zuwa Sukuntuni da sabuwar ambulan. Daga bakin hanya sai da suka yi tafiyar minti ashirin a burtali. Ta tarar da Malam Bishir zaune a kan buzu yana tufka igiya. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo nono a ƙwarya, aka gaisa har da tambayar mutanen Kusada. Sharafaddeen yana daji.

Ta yi bayani tun daga kwalin ƙorafi. Ta ce laifin nata ne, ita ta sa yaron, ita ta ba shi tabbaci. Ta miƙa takardar. Bai karɓa ba.

"Malama, waccan ta farko, kin san inda aka karanta mani ita? Ƙofar masallaci, bayan la'asar. Ni ba ni da boko, sai na ba wani yaron gari. Shi ko ya buɗe murya kamar mai shela. Mutum ya fi talatin."

"Allah ya ba ka haƙuri, Baffa."

"Da cewa aka yi ya yi faɗa, da na ce yaro ne. Da cewa aka yi ba shi gane karatu, da na ce gado ne. Abinci, Malama! Ɗana, ya ƙwace abinci hannun ɗiya mace, gaban jama'a. Mi ne ma sunan abin?"

"Awara."

"Awara." Ya ajiye igiyar. "Mu da ko ruwa ba mu sha gaban surukai. Uwarsa ta kai nono kasuwa, mata na tambayarta ko ba mu ba shi abinci a gida."

"Wannan takardar ta wanke shi, Baffa. Shugaban makaranta ne da kansa ya sa hannu."

"Waccan wa ya sa mata?"

"Shi ne, Baffa."

"To kin gani. Takarda ba ta jin kunya, shi ya sa take faɗin komi. Ni na yarda da ke, tun da kin tako. Amma ba ke kika ce ya ƙwaci abinci ba. Wanda ya faɗa, shi zo ƙofar masallacin nan bayan la'asar, shi tsaya inda yaron nan ya tsaya, shi faɗa da bakinsa cewa ba haka ba ne. Ran da ya zo, washegari ni da kaina zan kai Sharafaddeen."

Ta isar da saƙon ranar Laraba da safe, da baki, a tsaye, ta kuma sa Malam Sodangi ya maimaita mata abin da ta ce. Ya ce magana ce mai ma'ana, kuma ladabtarwa ɓangaren Malam Basiru ne. Malam Basiru ya ce shi kama yaron kawai ya yi, hatimin na shugaba ne. Malam Ɗanmaliki ya ce zai raka duk wanda za shi, har ya ba da aron babur.

Jarrabawar ƙarshen zango za ta fara ranar Litinin ta sama. Sunan Sharafaddeen Bishir na cikin jerin 'yan aji biyu, lamba ta talatin da ɗaya. Zuwa tashin makaranta ranar Alhamis, ba a tsai da wanda zai je Sukuntuni ba.